Alƙawari Kaya Ne, Ko A Baki Ko A Intanet

Duk ɗan kasuwar da ke da ɗa ko yaron shago mai taɓa kwamfuta, ko ba daɗe ko ba jima zai ji wannan shawara daga bakinsa: "Alhaji, me zai hana mu buɗe kalanda a intanet, duk mai son ganinka ko mai son a yi masa lodi ya zaɓi rana da sa'a da kansa, a huta da yawan buga waya?" Wasu iyayen gida za su yi dariya su ce aikin yarinta ne, wasu kuma za su amince nan take don kada a ce an bar su a baya. A ganina dukkansu sun yi gaggawa. Dabarar tana da amfani ga wasu sana'o'inmu a Parakou da Djougou da sauran kasuwannin kan iyaka, amma da sharaɗi guda wanda masu tallarta ba su cika faɗa ba, wato kalandar nan mai ita take fara ɗaurewa kafin ta ɗaure abokin ciniki. Wanda bai shirya ɗaukar wannan kaya ba, gara ya zauna da wayarsa da littafinsa.

Bari mu fara da bayanin abin, domin da yawa daga cikinmu sunansa kawai muke ji. Manhaja ce da mai shago ko mai sito zai shiga ya rubuta ranaku da sa'o'in da yake karɓar mutane, ya kuma faɗi tsawon kowace ganawa, ko minti 20 ne ko awa guda. Daga nan sai manhajar ta ba shi wani adireshi na intanet, wanda zai iya tura wa abokan cinikinsa ta WhatsApp. Duk wanda ya latsa adireshin zai ga guraben da ba a kama ba, ya zaɓi wanda ya dace da shi, ya rubuta sunansa. Nan take gurbin zai ɓace daga idon sauran jama'a, ya bayyana a kalandar mai shago, sa'an nan idan lokaci ya matso a aika wa kowa saƙon tunatarwa. Abin da muke kira randebu ke nan, sai dai babu buga waya sau biyar ana tambayar "yaushe kake nan?"

Kamfanonin da ke wannan sana'a ba ƙanana ba ne. Google ya fito da kalandarsa a 2006, daga baya ya ƙara mata shafin kama lokaci. Microsoft ya fito da tasa mai suna Bookings a 2016. Wadda ta fi yin suna kuwa, Calendly, wani haifaffen Legas ne mai suna Tope Awotona ya kafa ta a birnin Atlanta na Amurka a 2013, kuma a watan Janairun 2021 masu zuba jari suka ƙiyasta darajar kamfanin a kan dala biliyan 3. Ku duba fa, babu shinkafa babu atamfa a hajar wannan mutum, abin da yake sayarwa kawai shi ne raba mutane da jira da kai-kawo. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa lokacin da muke zubarwa a kan benci muna jiran mai shago kuɗi ne, ko da ba mu saba lissafa shi ba.

Ko mun so ko mun ƙi, tsarin ya riga ya iso mu ta wasu ƙofofin. Mai neman fasfo a Nijeriya sai ya cika takarda a intanet, ya biya, ya zaɓi ranar da za a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Alhazan da suka je Madina a 'yan shekarun nan sun san cewa shiga Rauda sai an kama lokaci ta manhajar Nusuk, wadda hukumomin Saudiyya suka fito da ita a 2022 bayan wadda ta gabace ta a zamanin korona. A nan Benin, tun da gwamnati ta buɗe shafin service-public.bj a 2020, takardu da dama ta intanet ake neman su, haka ma rajistar kamfani ta shafin monentreprise.bj. Saboda haka tambayar da ke gabanmu ita ce yadda za mu shigo da abin cikin kasuwa ba tare da ya cuci wani ba.

Mu ɗan yi lissafin jira. Daga Djougou zuwa Parakou kimanin kilomita 135 ne, daga Malanville zuwa Parakou kimanin 320, daga Kwatano kuwa sama da 400. Ɗauki misalin Hajiya mai sarin kaya da ta taso daga Djougou da asuba don ta ga wani babban dila a kasuwar Arzeke, ta iso ta tarar ya tafi ɗaurin aure Nikki, yaransa kuma ba su da ikon yanke farashi. Kuɗin mota ya tafi, na zemijan ya tafi, shagonta na rufe, in ba a yi sa'a ba har da kwanan dole. Ko direban tirela da aka ce masa ya zo lodin masara ko kaju da safe, ya tarar da motoci uku a gabansa, sikeli guda, 'yan dako kuma sun gaji. Yinin da ya yi a tsaye, wani ne zai biya shi, kuma daga ƙarshe a kan farashin buhu zai faɗa. Babu wanda ya yi niyyar cutar wani a waɗannan misalai, rashin sanin lokacin juna ne kawai. Irin wannan asara ce kalandar ke iya tarewa, domin kuwa ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada wani ya ɗauka cewa tsara lokaci baƙon abu ne da Turawa suka kawo mana. Waɗannan garuruwa biyu da muke ciki, fatauci ne ya raya su. A ƙarni na 19 ayarin fatake daga Kano da Sakkwato kan ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Nikki da Parakou da Djougou, wadda kakanninmu ke kira Zugu, su gangara Salaga a ƙasar Gwanja, suna kai kanwa da rinannun tufafi da fatu, su komo da goro. Baturen Birtaniya Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826, ya ce mutanen cikinsa sun haura dubu. Tafiyar watanni ce, kuma goro ba ya jiran kowa, in aka yi sake ya lalace. Madugu ya san lokacin da ruwa ke janyewa daga rafuka, ya san zangon da zai kwana, mai masauki a unguwar Wangara ta Djougou kuma ya san lokacin da zai sa ran baƙinsa, ya tanadi ɗaki da abinci da masu saye. Ga kuma wasiƙun ajami da ke riga ayari isa.

To amma akwai wani abu a wancan tsari wanda babu shi a manhaja. Alƙawarin da aka ƙulla a zango yana da mai tsaya masa. Idan baƙo ya saɓa, mai gidansa ne zai ji kunya, idan ɗan gari ya ci amanar baƙo, labari zai isa Kano kafin ayari na gaba ya taso, kuma daga ranar babu mai sake sauka a gidansa. Mutunci shi ne jinginar da kowa ya ajiye. Ita kuwa kalandar intanet rubutu kawai take yi, ba ta jin kunya, ba ta kuma biyan diyya. Idan ta ce wa mutumin Kandi ya zo ƙarfe goma na safiyar Talata, ya zo bai tarar da kowa ba, sunan Alhaji ne ya zube, kuma wannan karon akwai shaida a rubuce cikin wayar mutumin, wadda zai iya nuna wa duk wanda ya ga dama. A da kana iya cewa "ai ce maka na yi da hantsi," a yi dariya a wuce. Yanzu babu wannan mafaka.

Shi ya sa nake cewa mai kalanda ita take fara ɗaurewa. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawa daga cikin manyanmu sun saba a jira su, har wasu na ganin cincirindon masu jira a ƙofar shago alama ce ta girma. Wanda ke da wannan ɗabi'a, idan ya buɗe kalanda, ya ƙara wa kansa masu jin haushinsa ne kawai. Kafin ka ba kowa adireshin, tambayi kanka: sa'o'i nawa ne a mako na tabbata ina zaune a wurin sana'ata, ko da biki ko da suna? In sa'o'i biyu ne kullum, to biyun nan kaɗai za ka buɗe. Idan tafiya ta kama ka, wa ka ba ikon yanke magana a madadinka? In babu, rufe guraben wannan rana tun da wuri, ka kuma kira waɗanda suka riga suka kama da bakinka ka ba su haƙuri. Saƙon da na'ura ta tura ba ya maye gurbin muryar mai gida.

Ba kowace sana'a ce kuma ke bukatar abin ba. Mai tebur da ke sayar da tumatir ko batir, mai shagon da ake shiga a saya a fita, ba su da abin yi da randebu, hasali ma korar masu saye zai yi musu. Waɗanda zai amfana su ne masu sana'ar da ke cin lokaci kuma ba ta ɗaukar mutum biyu a tare. Akwai mai sito ko mangaza da ke da ƙofar lodi guda da sikeli guda. Akwai makanikin manyan motoci mai rami ɗaya, da tela mai gwaji da awo musamman gab da salla, da masu lalle da kitson amare, da masu cika wa 'yan kasuwa takardun duwan, da babban dila wanda cinikinsa sai an zauna an duba samfur. Ga waɗannan, sanin wanda zai zo da lokacin da zai zo yana nufin sanin yawan 'yan dakon da za a kira da kayan da za a fito da su tun daren jiya.

Yanzu mu zo kan matsalolin, domin suna nan, kuma gara a san su tun kafin a faɗa. Ta farko ita ce ta wanda ba ya karatun boko. Waɗannan manhajoji Ingilishi da Faransanci suka fi ji, alhali cinikinmu da Hausa da Dendi da Bariba da Yom da Fulatanci ake yin sa. Bugu da ƙari, galibinsu sai mutum ya rubuta adireshin imel kafin su karɓe shi, kuma ta can suke tura tunatarwa. Abokan cinikinmu nawa ne ke buɗe imel? Yawancinsu lambar waya gare su, saƙon murya kuma suke turawa. Bafulatanin da ya kawo shanu Tourou ko Kolokonde, ko tsohuwar da ta shekara talatin tana sari a wurinka, idan ka ce musu sai sun latsa adireshi, ka kore su ke nan da hannunka, wani kuma zai tarbe su. Maganin wannan shi ne kalandar ta zama ta cikin gida tukuna: duk wanda ya kira ko ya turo murya ko ya aiko yaro, sai yaron shago ya shigar da shi da hannunsa. A kuma bar wani kaso na kowace rana a buɗe saboda wanda ya zo babu sanarwa.

Ta biyu ita ce mafi haɗari, wato ranar da gurbin kansa zai zama haja. Muna da darasi a Legas. A watan Fabrairun 2021 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya, a ƙarƙashin Hadiza Bala Usman, ta ƙaddamar da tsarin Eto, inda tirela ba za ta doshi tashar Apapa ko Tin Can ba sai an kama mata lokaci ta intanet. Manufar ita ce a kawar da cunkoson da kan sa direba ya yi kwanaki a kan gada. Tsarin ya rage wani abu, amma jaridun ƙasar sun yi ta kawo koke-koken masu motoci cewa wasu na kame tikitin tun da wuri su sayar da shi da tsada. Wato cin hancin da ake yi a bakin ƙofa ya koma cikin waya. Kada mu ce wannan sai babbar tasha. Duk inda guraben suka yi kaɗan masu nema suka yi yawa, kamar sito a lokacin kakar kaju ko tela a goman ƙarshe na azumi, yaron da ke riƙe da kalanda zai fara jin ana cewa "ga na goro, matso da ni gaba." Don haka kowane gurbi ya kasance da suna da lambar waya da lambar mota, kada ya canza hannu, kuma mai gida ya riƙa duba kalandar da idonsa.

Ta uku ita ce ta agogo. Benin da Nijeriya da Nijar lokacinsu ɗaya ne, amma Togo da Gana da Burkina Faso suna bayanmu da awa guda. Ga ɗan Djougou wannan ba labarin nesa ba ne, tunda daga Ouake an kusa taka ƙasar Togo, kuma abokan ciniki daga Kara da Ketao kullum suna tafe. Manhajar takan nuna wa kowa lokaci gwargwadon agogon wayarsa, wanda abu ne mai kyau, amma idan yaron shago ya karanta wa baƙo "ƙarfe tara" ta waya bai ce na wace ƙasa ba, an samu saɓanin awa guda ke nan. Sa'an nan manhajar ba ta san azahar da la'asar ba, ba ta san Juma'a ba, ba ta san cewa ranar salla sai an ga wata ba. An gina ta a kan mako mai kwana bakwai, alhali wasu kasuwannin ƙasar nan zagayowa suke yi bayan 'yan kwanaki ba tare da bin ranakun mako ba. Duk waɗannan sai mutum ya zauna ya gyara su da hannu, in ba haka ba za ta ba baƙo lokacin da kake masallaci ko kake kasuwar ƙauye.

Ta huɗu kuwa ba a hannunmu take ba, ita ce ta hanya da iyaka. A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa ba zato, ba ta fara buɗe su ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya ta rufu, kuma ko da ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024 Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ba ta buɗe nata a lokacin ba, mutane da kaya suka koma bin kwale-kwale. Ko babu rufe iyaka, akwai shingaye, akwai faci, akwai gadar da ruwa ya cinye a damina. Mutumin da ya taso daga Kamba ko Cikanda ba zai iya rantse maka da minti ba. Saboda haka kada mu kwaikwayi ofishin likita a Faransa inda ake yanka lokaci minti goma sha biyar-biyar. Namu guraben su zama masu faɗi: safe, bayan azahar, bayan la'asar. Na nesa a ba shi rabin yini, na cikin gari a ba shi sa'a.

Intanet ɗin kanta ma ba abar dogaro ba ce ɗari bisa ɗari. A ranar zaɓen 'yan majalisa na 28 ga Afrilun 2019 an katse ta a faɗin Benin. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato saboda matsalar tsaro, aka ɗauki makonni. Ga ɗaukewar wuta, ga wayar da ta faɗa ruwa ko ɓarawo ya fizge. Ko MTN kake amfani da shi ko Moov ko Celtiis, ranar da layi ya ɗauke, wanda ya kwafe jerin gobe a littafi tun da yamma shi ne zai buɗe shago hankali kwance. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai batun kuɗi. Babbar cutar kowane tsarin randebu ita ce wanda ya kama gurbi bai zo ba, ya hana wani, ya bar ka da 'yan dako a zaune. Maganin da muka gada shi ne kafin alƙalami, kuma yana aiki a nan ma. Amma hanyoyin biyan da ke cikin manhajojin waje an gina su ne a kan katin banki, mu kuwa kuɗin waya muka fi sani, irin su MoMo da Moov Money. Akwai kamfanonin gida kamar KKiaPay da FedaPay da ke haɗa shafin intanet da kuɗin waya, ga wanda cinikinsa ya kai. Ga ƙaramin ɗan kasuwa kuwa, ya isa a turo jaka ɗaya ko biyu ta waya a rubuta a gefen suna. Abin da ya wajaba shi ne a faɗi sharaɗi tun farko: da wane kuɗi aka biya, sefa ko naira, tunda sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta sha hawa da sauka. A kuma faɗi lokacin da za a mayar da kuɗin. Adalci shi ne idan baƙo ya fasa da wuri ko hanya ta tare shi, a mayar masa, idan kuma mai gida ne ya saɓa, ya mayar har da kuɗin motar mutumin. Sharaɗin da ke cin ɓangare guda zalunci ne ko da kwamfuta ce ta rubuta shi.

Mu kuma tuna cewa kyautar waɗannan kamfanoni tana da iyaka. Na kyauta yakan ishi mai farawa, amma tunatarwa ta gajeren saƙo da haɗa kalandar ma'aikata da yawa galibi sai an biya duk wata, da kuɗin waje. Kada kowa ya sa hannu a biyan shekara kafin ya gwada wata biyu ko uku ya ga ko mutanensa na amfani da abin.

Akwai kuma sirrin ciniki. Kalandar da ta cika, jerin abokan cinikinka ce da lambobinsu da ranakun da suke tafe da kuɗi ko kaya. A hanyoyin da ake fama da 'yan fashi, wannan ba ƙaramin bayani ba ne. A tabbata shafin da jama'a ke gani guraben da ba a kama ba kawai yake nunawa, ba sunayen mutane ba. Kalmar sirri ta kasance a hannun mai gida, da lambarsa aka yi rajista, don kada ranar da yaro ya bar aiki ya tafi da kasuwarka a aljihunsa. Doka ma tana da magana: kundin dokar harkokin intanet na Benin, wato doka mai lamba 2017-20 ta 20 ga Afrilun 2018, ya ɗora wa duk mai tara bayanan mutane nauyin kiyaye su, akwai kuma hukumar APDP mai sa ido a kai. Nijeriya ma ta yi tata dokar a 2023.

Na san abin da dillalai da 'yan kamasho ke rayawa a zuci: idan mai saye zai iya kama lokaci da mai kaya kai-tsaye, ina makomarmu? Tsoron yana da tushe, amma akwai abin koyi a Gogounou, a kan hanyar Parakou zuwa Kandi. Lokacin da makiyaya suka karɓi tafiyar da kasuwar shanunsu da kansu, mai saye da mai sayarwa suka fara ciniki ido da ido, ba a kori dillalai ba, an mai da su shaidun ciniki, masu tabbatar da cewa dabbar ba ta sata ba ce kuma an biya, ana ba su ladansu sananne. Tsarin ya yaɗu zuwa wasu kasuwannin arewacin ƙasar. Haka abin yake a nan. Manhaja za ta iya faɗa wa baƙo lokacin da Alhaji ke nan, amma ba za ta gaya masa ko buhun cike yake ba, ba za ta tsaya masa a ba shi bashi ba, ba za ta ba shi ɗakin kwana ba. Dillalin da cinsa ya dogara a kan ɓoye wa baƙo inda mai kaya yake, shi ne zai ji a jikinsa. Wanda cinsa amana ce, shi ma ya buɗe tasa kalandar.

Wasu dattawa kuma za su ce raini ne a ce wa babban mutum ya kama layi a waya kamar mai neman biza. Gaskiya ne, kuma babu wanda ya ce a tura wa surukinka ko maigidan da ya ɗora ka a kan sana'a adireshi. Irin waɗannan kai za ka kira, ka tambayi lokacin da ya yi musu, ka shigar da kanka. Amma mu juya maganar: wanne ya fi zama raini, a tanadar wa mutum sa'arsa ya zo ya tarar ana jiransa da ruwan sha, ko a bar shi a kan benci tun hantsi har la'asar?

Kirana a nan ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa ne da sarakunan zango na Parakou da Djougou. Kada a bar kowa ya yi ta lalube shi kaɗai. A zaɓi sito biyu ko uku da garejin manyan motoci guda a gwada na tsawon kaka ɗaya, a rubuta motoci nawa suka zo a kan lokaci, nawa suka makara, sau nawa mai gida ya saɓa. A nemi ɗaliban Jami'ar Parakou, wadda ke nan tun 2001, su taimaka da shafi mai sauƙi da ke karɓar lambar waya maimakon imel. Ƙungiya ta tsayar da ƙa'ida guda kan kafin alƙalami da mayar da shi, ta kuma zama wurin kai ƙara, domin alƙawarin intanet ya samu mai tsaya masa kamar yadda na zango ya samu. Idan gwajin ya nuna riba, sauran za su biyo ba sai an roƙe su ba. Idan bai nuna ba, an yi asarar kaka ɗaya ce kawai.

Ga kai kuma ɗan'uwa mai shirin farawa, gwada kanka kafin ka gwada na'ura. Ɗauki littafi, ka yi wata guda kana rubuta duk wanda ka ce wa "zo gobe da safe," ka sa alama a gaban waɗanda suka zo suka same ka. In alamun sun cika shafi, buɗe kalandarka, za ta ƙara maka kasuwa. In ba su cika ba, ka san inda gyara yake, kuma ba a wayar yake ba.

Allah Ya ba mu ikon cika alƙawari, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya kai matafiyanmu gida lafiya.